Inda jini ya ɗauke: barewar da aka harba ba a samu ba

Wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma a ƙarshen watan Disamba, a jihar Wisconsin ko Iowa a Amurka, rana tana faɗuwa. Mutum yana zaune tun azahar kan wata 'yar kujerar ƙarfe da ya ɗaure a jikin bishiya, sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, yatsunsa sun daina jin komai. Can sai bareyi suka fara fitowa daga kurmi zuwa gonar masarar da aka girbe, suna tonon dusar ƙanƙara suna neman ragowar ƙwaya. Ya saita, ya harba. Dabbar ta daka tsalle ta faɗa daji. Ya sauko da tocila, ya ga jini ja a kan farar ƙasa, ya bi. Taku ɗari, jini yana nan ɗigo-ɗigo. Taku ɗari biyu, ɗigo ɗaya a jikin kara. Daga nan shiru.

Da wuya ka sami wanda ya daɗe yana farauta a Amurka da ba shi da irin wannan labari, sai dai ba labarin da ake bayarwa da ƙarfi ba ne. Hoton da ake ɗorawa a Facebook na wanda ya samu ne, yana riƙe da ƙaho yana murmushi. Wanda ya kwana yana yawo da tocila ya dawo hannu rabbana, yakan yi shiru, ko ya ce wa abokansa: "Sama-sama na same ta, za ta warke." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma lallashin kansa yake yi.

Lamarin ba ƙarami ba ne in aka dubi yawan dabbobin. Barewa mai farar wutsiya, wadda ita ce aka fi farauta a ƙasar, ta kusa ƙarewa a wajajen 1900, lokacin da aka ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba. Dokokin farauta da kuɗin da aka riƙa zubawa suka dawo da ita, musamman bayan dokar Pittman-Robertson ta 1937 da ta ware harajin bindigogin farauta da harsasai domin kula da namun daji. Yau ana maganar kimanin miliyan 30, ana kuma kashe kusan miliyan 6 a kowace shekara. Ko da ɗaya ce cikin ashirin ke ɓacewa da rauni a jikinta, lissafin ya kai dubban ɗaruruwa.

Kowace jiha da nata jadawalin. Galibi ana farawa da baka da kibiya a Satumba ko Oktoba, sai babban lokacin bindiga a Nuwamba, wanda a jihohin arewa yakan zo daf da lokacin barbara. Abin da suke kira ƙarshen kaka, wato ƙarshen lokacin farauta, shi ne ragowar kwanakin Disamba da Janairu. A Pennsylvania, tun shekarun 1970, akwai wasu makonni bayan Kirsimeti da aka keɓe wa bindiga mai dutsen ƙyastu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar'uwar bindigar toka tamu. A Iowa lokacin bindigar ɗuri yana kaiwa 10 ga Janairu. Can kudu a Alabama, inda barbara ke jinkiri, ana kaiwa har 10 ga Fabrairu. Hukumomi suna son waɗannan kwanaki saboda a cikinsu ake rage matan bareyi, kuma rage mata shi ne ke rage yawan garke.

Barewar Disamba ba ta Oktoba ba ce. Ta shafe wata uku ana binta, ta ji ƙarar bindiga, ta san warin mutum, ta koyi cewa fitowa fili da rana halaka ce. Namiji kuwa ya fito daga barbara a rame, don yakan zubar da kashi 20 ko fiye na nauyinsa wajen bin mata da faɗa da 'yan'uwansa. Yunwa ce kaɗai ke fito da su, kuma ba sa fitowa sai a mintocin ƙarshe na haske. Yawancin jihohi sun yarda a yi harbi har rabin awa bayan faɗuwar rana. Ke nan mafi yawan harbin ƙarshen kaka ana yin sa ne a lokacin da ido bai gani sosai, ga dabbobi a cunkushe wuri ɗaya, kowace kunnenta a tsaye.

Shi ma maharbin ba na Oktoba ba ne. Ya biya kuɗin lasisi, ya ƙarar da hutunsa, firij babu nama, ga kwana biyu ko uku suka rage. Harbin da zai ƙi yi a farkon kaka, saboda nisa ko saboda dabbar ta fuskanto shi, yanzu sai zuciya ta ce masa gwada. Ga riguna uku ko huɗu a jikinsa, gindin bindiga bai zauna a kafaɗa yadda ya saba ba. In baka ce, tsirkiya tana iya taɓa hannun riga ta karkatar da kibiya, kuma jan bakar da yake yi cikin sauƙi a lokacin zafi yakan gagare shi bayan awa uku a cikin sanyi. In bindigar ƙyastu ce, danshi na iya sa wuta ta yi jinkiri tsakanin jan kunama da tashin harsashi, kuma a wannan ɗan tsakanin bakin bindiga ya riga ya motsa. A ganina, rabin bareyin da ke ɓacewa tun a nan suke ɓacewa, kafin a ja kunama.

Wurin da ake nema a jikin dabbar bai fi faɗin faranti ba: huhu biyu da zuciya, a bayan kafaɗa. Masu baka suna da wata matsala ta daban. Kibiyar bakar zamani tana tafiyar mita 85 zuwa 90 a daƙiƙa, sauti kuwa yana yin kusan mita 340. A nisan mita 30, ƙarar tsirkiya tana isa kunnen barewa kusan rubu'in daƙiƙa kafin kibiya ta iso. Barewar da ke a tsorace takan durƙusa don ta zabura, jikinta ya sauka da tsawon tafin hannu ko fiye, sai kibiyar da aka auna huhu ta bi ta saman gadon baya. Ƙashin bayan barewa a daidai ƙirji ya fi yadda mutane ke zato sauka ƙasa, akwai tsoka mai kauri a samansa. Harsashin da ya bi ta nan yakan kayar da ita nan take kamar ta mutu, maharbi ya fara murna, sai ta miƙe ta yi gaba. Irin wannan takan rayu.

Bayan harbi, jini ne ke magana, ga wanda ya iya karatunsa. Jini mai haske da kumfa, na huhu ne, kuma dabbar da aka huda wa huhu biyu ba ta cika wuce mita 100 zuwa 150 ba. Jini mai duhu kamar zoɓo mai kauri, na hanta ne: za ta mutu, amma sai bayan wasu awanni. In aka ga ruwa-ruwa mai kore ko ƙasa-ƙasa da guntayen abinci da wari, tumbi ko hanji aka samu. Wannan ita ce mafi muni. Dabbar takan ƙudundune, ta tafi a hankali, mutuwa kuma tabbas ce, sai dai tana iya ɗaukar rabin yini ko fiye. Akwai kuma jinin tsoka, ja wur, mai yawa da farko har mutum ya ɗauka an gama, daga baya ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Shi ne ya fi yaudara.

Hunturu yana lalata wannan karatu. Gashin barewa na sanyi dogo ne, mai rami a ciki, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani mai laushi kamar auduga, su biyun suna shanye jini kafin ya kai ƙasa. Mata da suka yi ƙiba a kaka suna da kitse a ƙarƙashin fata wanda ke toshe ramin rauni. Harsashin bindigar ɗuri sau da yawa ba ya fita ta ɗaya gefen, rami ɗaya ne ke nan, in kuma yana sama, jinin a cikin ƙirji yake taruwa. Dusar ƙanƙara tana taimako, gaskiya ne, ɗigo ɗaya ana hango shi daga nesa. Amma tana ƙara gishiri: cokali guda na jini a kan fari sai ya zama kamar an yanka rago. In kuma garin dusa ce mai laushi, jini mai ɗumi yakan nutse ya bar ɗan rami kawai. Ga sawun bareyi ashirin da suka watse tare, a cikinsu ake neman na guda ɗaya.

A nan ne abin ya fi wuya, domin abin da zuciya ke umarta shi ne kuskuren. Zuciya tana cewa bi ta yanzu. Amma barewar da aka samu a hanta ko tumbi, in ba a kore ta ba, takan kwanta a cikin mita 200 ko 300, a wuri mai duhuwa, tana kallon hanyar da ta biyo. In aka bar ta, nan za a same ta. In aka matsa mata ta tashi, tana da ƙarfin yin kilomita ɗaya ko biyu, raunin ya riga ya toshe, babu sauran jini a ƙasa. Shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa masu neman lasisi ita ce jira: rabin awa ko da an tabbata huhu ne, awa huɗu zuwa shida in hanta ce, awa takwas zuwa goma sha biyu in tumbi ne. Alamar da ƙwararru suka fi tsoro ita ce makwanci mai jini babu dabba a ciki. Ma'anarta ka tayar da ita. Wanda ya ga haka ya ci gaba da bi, sauri ya haifi nawa.

To amma ƙarshen kaka ba ya barin mutum ya jira cikin kwanciyar hankali. Harbin magariba ne, jiran awa goma yana nufin sai gari ya waye. In rediyo ta ce dusa za ta sauka da tsakar dare, da safe babu sawu babu jini, daji ya koma farar takarda. Sannan akwai koyoti, wani karen daji mai kama da dila amma ya fi shi girma, wanda a ƙarni na 20 ya bazu daga yammacin ƙasar har gabar gabas. A hunturu suna cikin yunwa, kuma a dare ɗaya suna iya barin maharbi da ƙashi da fata. Sanyin ma ba ya tsare nama yadda ake zato. Gashin nan da ke hana dabbar jin sanyi shi ne ke riƙe zafin cikinta bayan ta mutu, gefen da ke ƙasa ya kwana da ɗumi, naman cinya kusa da ƙashi ya yi tsami ko da ruwa na daskarewa a waje. Gaba kura, baya sayaki. Babu amsa ɗaya. Ra'ayina dai shi ne, in tumbi ne, jira ya fi ko da dusa za ta sauka, domin gawar da ke cikin mita 300 ana iya samunta da bincike ko babu jini, wadda aka kora kuwa sai dai labari.

Mai karatu da ya yi zaman gaban malam zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce. Dabbar da aka harba ta ɓace tsohuwar mas'ala ce a fiƙihu. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, an yi izinin cin abin da ya ɓace yini guda in ba a ga wata alama a jikinsa ba sai ta kibiyar maharbin, amma in a ruwa aka tsince shi kada a ci, don ba a san ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. A na Abu Sa'alaba, wanda Muslim ya ruwaito, an kai har kwana uku matuƙar bai yi wari ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa sharaɗin kada ya kwana a ɓace, sannan ta kawo wani ƙauli cewa in an sami kibiyar a makasa babu laifi. Malaman Malikiyya kuma sun yi magana kan wanda ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba. Tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne: fiƙihu yana tambayar me ya kashe dabbar kuma ko da an iya riskarta a yanka, maharbin Wisconsin yana tambayar yadda zai same ta. Sai dai Musulmin da ke farauta a Michigan ko Minnesota yana tsakanin biyun, kuma wannan fatawa ce ta malamai. Maharbanmu na da sun bi ta wata hanya, suka shafa wa kibiya dafin kwankwani mai tsayar da zuciya, ta yadda rauni ko a ina yake zai kai dabba ƙasa. A Amurka kusan ko'ina doka ta hana dafi.

Nawa ne ke ɓacewa a zahiri? An daɗe ana jayayya, kowane ɓangare da alƙaluman da yake so. Masu adawa da farautar baka sukan ce rabi. Akwai binciken da ya ba da wannan adadi: a wani sansanin ajiye makamai na soja a McAlester, jihar Oklahoma, a tsakiyar shekarun 1990, an sa wa mazan bareyi 80 abin wuya mai rediyo. Masu bakar gargajiya suka harbi 22, suka samo 11, 11 suka ɓace musu. Amma da masu binciken suka bi rediyon, sai suka tarar 3 ne kawai cikin 11 ɗin suka mutu, 8 sun warke sun ci gaba da rayuwa. Ukun nan kuwa a wajen tumbi kibiya ta same su. Wani binciken a sansanin sojan ruwa na Indian Head a Maryland, daga 1989 zuwa 2006, ya ƙirga bareyi 908 da maharba 104 suka sama da bakar zamani, 162 ba a samo su ba, wato kashi 18 cikin ɗari. Sai dai a wannan wuri ba a barin kowa ya shiga sai ya ci jarrabawar harbi, don haka ba za a ɗauka haka abin yake a kowane daji ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan alƙaluma shi ne, kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Ɓacewa ba ita ce mutuwa ba, kuma barewa tana da juriyar da ke ba mahauta mamaki, don sukan tsinci tsohon kan kibiya a kafaɗa nama ya rufe shi. Amma binciken McAlester ba na tsakiyar hunturun arewa ba ne. Namijin da ya fito daga barbara babu kitse, aka karya masa ƙafa a Janairun Minnesota, ga dusa har gwiwa ga koyoti, ba shi da damar da na Oktoba yake da ita. Kalmar "za ta warke" ta fi rauni a daidai lokacin da aka fi yawan faɗinta.

Maganin da ya fi aiki tsoho ne: kare. A Jamus neman dabbar da aka raunata wajibi ne a doka, kuma suna da jinsunan karnuka na Hanover da Bavaria da aka yi kiwonsu don wannan aiki kawai. Amurka ta daɗe tana ƙyamar abin, saboda jihohin arewa sun hana farautar barewa da karnuka tun zamanin da ta kusa ƙarewa, dokar kuma ba ta bambanta karen kora da karen nema ba. Wani malamin tarihi a New York, John Jeanneney, wanda ya ga tsarin a Turai, shi ya fara gwaji da ƙananan karnukan Jamus masu gajerun ƙafafu a shekarun 1970. Aka kafa ƙungiyar Deer Search a 1978, jihar New York ta halatta aikin a 1986. Pennsylvania ba ta yarda ba sai 2018. Yanzu jihohi fiye da 40 sun yarda, galibi da sharaɗin kare yana ɗaure da doguwar igiya. Karen da ya ƙware ba jini kawai yake bi ba. Tsakanin kofaton barewa akwai wata 'yar jaka mai fitar da wari, kowace dabba da nata, shi yake bi ko bayan kwana guda. Masu karnukan suna da koke ɗaya da suke maimaitawa: ba a kiransu sai bayan maharbi ya tara abokai shida sun tattake wurin, sun kwashi jini a takalmansu sun yaɗa shi ko'ina.

Sabon abu shi ne jirgi marar matuƙi mai kyamarar da ke ganin ɗumin jiki. A hunturu, da ganye ya zube ƙasa ta yi sanyi, gawa mai ɗumi tana haskawa a allo kamar garwashi. Ohio ta bari a yi amfani da shi wajen nema, Michigan ta daɗe tana hanawa har magana ta kai kotu. Tsoron hukumomi a fili yake: na'urar da ta gano matacciyar barewa ta gano rayayyu goma a hanya, har da mai manyan ƙahonin da za a dawo wa gobe.

Wani shingen kuma na iyakar gona ne. Mafi yawan filayen gabashin Amurka mallakar mutane ne, barewa kuwa ba ta san iyaka ba. A jihohi da yawa, in jini ya tsallaka gonar maƙwabci, dole a nemi izininsa, in ya ce a'a magana ta ƙare, ko da ana hango gawar. Iowa ta bar maharbi ya shiga ya ɗauko, muddin ya ajiye makaminsa. Dokoki da dama sun wajabta yin ƙoƙari gwargwado wajen neman abin da aka harba, sai dai wa zai auna gwargwadon a cikin daji da dare?

Akwai wata tambaya da doka ta bar wa mutum da zuciyarsa. Lasisi na barewa ɗaya ne, ka harbi ɗaya ta ɓace, shin ka ci rabonka ko da saura? A yawancin jihohi takardarka tana nan, kana iya komawa gobe. A wasu yankunan Alaska, wanda ya raunata beyar an ƙirga masa ita ko bai same ta ba, kuma a gandayen farauta na kuɗi a Texas da Afirka ta Kudu, da zarar an ga jini ka biya. Wasu maharban barewa sukan yanke wa kansu irin wannan hukunci, su yage takardar su rataye bindiga sai baɗi. Wasu kuma su ce koyoti ma bayin Allah ne, sun ci.

A watan Maris dusa takan narke, mutane su shiga daji tsintar ƙahonin da maza suka zubar. A lokacin ne ake cin karo da na Disamba: haƙarƙari fari a bakin rafi ko a cikin sarƙaƙiya, gashi a warwatse, ƙaho yana manne da ƙoƙon kai. A jihohi da dama ba a ɗaukar wannan kai sai an kira jami'in gandun daji ya zo ya duba, ya ba da takarda.